Shekara 25 da naɗin Bishop Audu: Mudu ɗaya daga Keffi har Jos

Ranar 31 ga Maris, 2026, Akbishop Matthew Ishaya Audu na Jos ke cika shekara 25 da zama bishop a cocin Katolika. A rana mai kamar wannan ta shekarar 2001 aka keɓe shi ya zama bishop na farko na Dayosis ɗin Lafiya, wanda ya game Jihar Nasarawa, har da Keffi da kewayenta. Ya riƙe wannan kujera shekara 19, sannan a ranar 31 ga Maris, 2020, ya hau ta Jos. Mabiyansa za su yi addu'o'insu da bukukuwansu, kuma muna taya su murna. Amma dalilin da ya sa jaridar nan ta tsaya a kan wannan rana ya wuce biki. Rayuwar aikin wannan bawan Allah ta ratsa jihohi biyu masu maƙwabtaka da ke fama da ciwo iri ɗaya, sai dai mai kuka a wannan jiha shi ne ake kuka da shi a waccan. Wanda ya zauna a ɓangarorin biyu yana da abin da zai faɗa wa kowa, kuma akwai abin da ya kamata a nema daga gare shi.

Da yawa daga masu karatunmu sun san Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, sun san Kadinal John Onaiyekan da ya daɗe yana jagorancin Katolika a Abuja, domin kalamansu ba sa rabuwa da shafukan jaridu. Audu ba ya cikin masu yawan fitowa a kanun labarai. An haife shi ranar 7 ga Yuni, 1959, a yankin da ke cikin Jihar Nasarawa ta yau. Ya yi karatun limanci a babbar makarantar St. Augustine da ke Jos, aka naɗa shi fada ranar 23 ga Yuni, 1984, a ƙarƙashin Dayosis ɗin Makurdi. Ya ƙaro ilimi a birnin Rum a fannin da ke nazarin halin kirki da hukuncin ayyukan ɗan Adam, ya kuma koyar da masu neman zama limamai a makarantar St. Thomas Aquinas ta Makurdi. Yana ɗan shekara 41 Fafaroma John Paul na Biyu ya zaɓe shi bishop, ranar 5 ga Disamba, 2000, ranar da aka ƙirƙiro dayosis ɗin kansa.

Ko sunansa kaɗai ya isa a tsaya a kai. Ishaya sunan annabi ne kamar yadda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya kawo shi, littafin da aka kammala fassara shi tun 1932. Audu kuwa kowa ya san daga Abdu ya fito, sunan da Abdu Zanga ya ɗauka, Bafulatanin da ya taso daga ƙasar Katsina ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19. A yankin nan Hausa ce harshen kasuwa da tasha, ita ce kuma harshen wa'azi a masallatai da majami'u masu yawa. Gida ɗaya sai ka tarar da Musulmi da Kirista, uwa ɗaya uba ɗaya, musamman a tsakanin Eggon da Mada da Alago da Gwandara. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa ba a littafi ya koyi zaman tare ba, da shi ya buɗe ido.

Domin amfanin wanda bai saba da tsarin Katolika ba, bishop ba mai wa'azi kawai ba ne. Shi ne shugaban yanki guda da ake kira dayosis, shi ke naɗa fada-fada ya rarraba su majami'u, shi ke da alhakin makarantu da asibitoci da filayen coci, kuma Fafaroma ne ke naɗa shi. Ba a zaɓensa da ƙuri'ar jama'a, ba shi da wa'adin shekara huɗu ko takwas. Dokar cocin ta nemi ya miƙa takardar ajiye aiki idan ya cika shekara 75, wanda ga Audu zai kama 2034. Wannan daɗewa ita ta sa bishop ya yi kama da sarki a wata fuska: gwamnoni na zuwa suna wucewa, shi yana nan. A zamansa na Lafiya ya ga mulkin Abdullahi Adamu, da Aliyu Akwe Doma, da Umaru Tanko Al-Makura, da farkon na Abdullahi Sule. Kaɗan ne daga masu faɗa a ji a jihar suka ga abin da ya gani daga kujera ɗaya.

Aikin da aka ɗora masa a 2001 na haɗa kai ne tun daga tushe. A zamanin Turawa, Keffi da Nasarawa da Lafiya suna Lardin Binuwai, Akwanga kuwa tana Lardin Filato, kuma coci ya bi wannan iyaka: wani ɓangare na kallon Makurdi, wani na kallon Jos. Keffi ma ta taɓa zama mazaunin ƙaramar makarantar St. James, inda yankin Makurdi ke rainon yaran da za su zama limamai. Da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanko Jihar Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, sai ya zama dole cocin ma ya sake lissafi. Aka gutsuro daga Makurdi, aka gutsuro daga Jos, aka ce wa matashin malami ya mayar da su abu guda. Jama'arsa sun haɗa da Tibi manoma a kudancin jihar, da Eggon da Mada a tsaunukan Akwanga, da Ibo 'yan kasuwa a birane, da ma'aikatan Abuja da tsadar haya ta koro zuwa Mararaba da Masaka. Kafin ya yi maganar zaman lafiya da Musulmi, sai da ya fara neman ta a cikin gidansa.

Bai yi wata uku a kan kujera ba wuta ta tashi. A watan Yunin 2001 aka kashe Sarkin Azara, Alhaji Musa Ibrahim, aka ɗora alhakin a kan Tibi, ramuwar gayya ta biyo baya a Awe da Keana da Obi da wasu sassa, dubban mutane suka tsere zuwa Binuwai. Da yawa daga waɗanda suka tsere mabiyan sabon bishop ne. Kafin wannan, rikicin Bassa da Egbura a Toto ya riga ya raba mutane da gidajensu a ƙarshen shekarun 1990. Bayansa kuma aka ga tashin ƙungiyar Ombatse, da kisan gomman 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya a Alakyo ranar 7 ga Mayu, 2013, da faɗace-faɗacen da suka ci Assakio da Obi. Da dokar hana kiwon sake ta fara aiki a Binuwai a watan Nuwamban 2017, makiyaya suka kwararo kan iyakar Nasarawa, rikicin manoma da makiyaya ya ƙara zafi a Doma da Keana da Awe. A Afrilun 2018 aka kashe fada biyu tare da masu ibada a Mbalom, cikin Dayosis ɗin Makurdi da ya raini Audu. A Janairun 2023 kuma, bayan ya bar jihar, bom daga jirgin soja ya hallaka gomman makiyaya a Rukubi da ke ƙaramar hukumar Doma.

Duk wanda ya dubi wannan jerin da idon basira zai ga abu guda. Kusan babu ɗaya daga cikin rikice-rikicen nan da ya samo asali daga saɓanin aƙida. Gona ce, da burtali, da sarauta, da kujerar ƙaramar hukuma, da tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. A faɗan Eggon da Alago akwai Musulmi da Kirista a kowane ɓangare. Amma kowanne daga cikinsu yana iya sa rigar addini cikin dare ɗaya, idan aka samu mai huɗuba ɗaya da ya ga dama. Cewa Nasarawa, duk da jinin da ya zuba a cikinta, ba ta faɗa irin yaƙin masallaci da coci da ya raba unguwannin Jos da Kaduna ba, alheri ne da hannaye da yawa suka ƙulla: sarakuna, da malamai, da fastoci, da dattawan ƙabilu, da auratayyar da ta sarƙe zuriya. Shugaban Katolika na jihar na tsawon shekara 19 yana da nasa kaso a wannan, kuma adalci ne a ambata. Akan tuna da wanda ya hura wuta, a manta da wanda yake da ashana a hannu bai ƙyasta ba.

Ranar 6 ga Janairu, 2020, Fafaroma Francis ya ɗauke shi zuwa Jos, ya gaji Akbishop Ignatius Kaigama da ya koma Abuja. An ɗora shi a kujera a tsakiyar kullen cutar korona, ba tare da cincirindon da aka saba gani ba. Kujerar da ya hau mai nauyi ce. Gabriel Ganaka ya riƙe ta tun daga shekarun 1970 har rasuwarsa a 1999. Kaigama ya riƙe ta a shekarun da Jos ta fi ƙonewa: Satumban 2001, Nuwamban 2008, Janairun 2010, kisan Dogo Nahawa a Maris na wannan shekara, da harin bom a cocin St. Finbarr a Maris 2012. Shi ne ya ƙulla abota a bainar jama'a da marigayi Sarkin Wase, Alhaji Haruna Abdullahi, suna zuwa wuraren rikici tare, duk da zargin da kowannensu ya sha daga nasa mutanen. Ya kafa cibiyar tattaunawa da sulhu a Jos, da makarantar koyon sana'a a Bokkos inda matasan Musulmi da Kirista ke koyo tare. Audu ya tarar da wannan gado, ya kuma tarar da wutar ba ta mutu ba. A Agustan 2021 aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi aka kashe fiye da 20, kwanaki kaɗan bayan haka aka afka wa Yelwa Zangam. A jajibirin Kirsimetin 2023 aka kashe fiye da mutum 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi.

A nan ne muhimmancin tafiyar Audu yake. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999, duk gwamnonin da aka zaɓa a Nasarawa Musulmi ne, duk waɗanda aka zaɓa a Filato Kirista ne. A Nasarawa, Kiristoci da dama na kukan cewa an rufe musu ƙofar babbar kujera, kuma wannan kuka ya fito fili bayan zaɓen 2023, lokacin da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba David Ombugadu nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Gwamna Sule a Janairun 2024, mata suka yi ta zanga-zanga a Lafiya. A Filato kuwa, Hausawa da Fulanin Jos ta Arewa, waɗanda kakannin wasunsu suka zo tun zamanin haƙar kuza, na kukan cewa ana kiran su baƙi a garin da aka binne iyayensu. Rikicin 1994 ya tashi ne kan naɗa Aminu Mato shugaban riƙo na ƙaramar hukumar, na 2001 ya biyo bayan naɗa Mukhtar Muhammad jami'in shirin yaƙi da talauci, na 2008 kuma zaɓen ƙaramar hukuma ne ya haife shi. Kuka ɗaya ne, bakin da ke yin sa ne ya bambanta.

Mun san kowane ɓangare zai ce nasa ya fita daban. Kiristan Nasarawa zai ce shi ɗan asalin ƙasa ne, ba zuwa ya yi ba. Musulmin Jos zai ce shekara ɗari a wuri ta wuce baƙunta, kuma Batibin Awe ma haka yake faɗa game da kansa. Berom da Afizere da Anaguta za su ce tsoronsu shi ne a mamaye ƙasar kakanninsu, su nuna ƙauyukan da aka tashe su. Makiyayi zai nuna shanunsa da aka kashe da burtalin da aka nome. Babu wanda ya rasa hujja, kuma ba mu ce tarihin wuraren ɗaya ne ba. Abin da muke cewa shi ne, ma'aunin da za a auna waɗannan koke-koke da shi dole ya zama ɗaya. A kasuwar Keffi, 'yar awon da ke da mudu biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa, ba ta daɗewa kafin asirinta ya tonu. Siyasar yankin nan kuwa shekaru ke nan da mudu biyu take awo, kuma malaman addini na ɓangarorin biyu sun sha riƙe mata buhu.

Alamar mudu biyu ba ta ɓuya. Idan an kashe mutane a ƙauye, sai ka ga sanarwar wata ƙungiyar addini ta fito kafin gawa ta yi sanyi, idan mamatan nata ne. Idan na ɗaya ɓangaren ne, sai shiru, ko a fito da kalamai masu sanyi na kira ga kowa ya kai zuciya nesa. Wanda ya yi kukan Mbalom bai yi na Rukubi ba, wanda ya yi na hanyar Rukuba bai yi na Bokkos ba. Kowa ya haddace adadin gawarwakinsa, ya manta na maƙwabcinsa. Matasan da ke sauraro suna koyon darasi daga wannan shiru fiye da yadda suke koya daga huɗuba: cewa akwai ran da ya fi wani tsada. Ranar da aka ba su makami, da wannan darasi za su yi aiki.

Akbishop Audu na cikin mutane ƙalilan da za su iya karya wannan al'ada ba tare da an ce ba su san zafin abin ba. Ya jagoranci jama'ar da ta yi gudun hijira, ya zauna a jihar da mabiyansa ke jin an bar su a baya. Yanzu yana jihar da Kirista ke riƙe da gidan gwamnati, inda maganar shugaban Katolika ke da nauyi a kunnen masu mulki. Fatanmu shi ne a shekarun da suka rage masa ya riƙa faɗa a Jos abin da zai so a faɗa a Lafiya: cewa ɗan Najeriya da aka haifa a wuri, yake biyan haraji a wurin, yana da haƙƙin makaranta da aiki da tsayawa takara a wurin, ko wace alƙibla yake fuskanta. Koyarwar cocinsa ta ba shi madogara. Tun ranar 28 ga Oktoba, 1965, babban taron Vatican na biyu ya fitar da matsayar da ke girmama Musulmi, ta kuma nemi ɓangarorin biyu su bar gabar baya su haɗu a kan adalci. Ranar 4 ga Fabrairu, 2019, Fafaroma Francis da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a Abu Dhabi kan takardar 'yan uwantakar bil Adama, wadda ta nemi a gina ƙasa a kan cikakken haƙƙin ɗan ƙasa, a daina amfani da sunan 'yan tsiraru wajen ware mutane. Wannan magana kamar don Filato da Nasarawa aka rubuta ta.

Nauyin ba a kansa kaɗai yake ba. Abin da muke nema daga bishop a Jos, shi muke nema daga malamai da sarakunan Musulmi a Keffi da Lafiya da Nasarawa. Duk wanda ke jin zafin yadda ake hana Bahaushen Jos takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, ya kamata ya ji irin wannan zafi idan aka hana Batibin da aka haifa a Awe ko Keana. Duk wanda ke neman a bar masallaci ya tsaya lafiya a unguwar da Kirista suka fi yawa, ya kamata ya tsaya wa majami'ar da ke neman takardar fili a unguwarsa. Misalin da za a bi yana kusa. A Yunin 2018, Malam Abdullahi Abubakar, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Ba shi da dayosis, ba shi da fada, ba shi da jami'an tsaro. Mudunsa ne ɗaya.

Keffi na da dalilin da ya fi na kowa na ɗaukar wannan magana da gaske. Tarihi ya nuna abin da ya faru a Keffi ba ya tsayawa a Keffi. A 1902 Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe Kyaftin Moloney ya nufi Kano, Turawa suka riƙe wannan a cikin hujjojinsu na yaƙar Kano, wadda ta faɗa hannunsu a Fabrairun 1903. Yau garin na bakin ƙofar Abuja, yana ɗauke da jami'ar jiha da babbar cibiyar lafiya ta tarayya, ga Kwalejin Gwamnati da aka kafa a 1949, wadda ta yaye 'ya'yan Arewa na kowace ƙabila da addini, har da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Daga Keffi zuwa Mararaba, gonaki na komawa filayen gini, farashin ƙasa na hawa, mutane daga kowane lungu na Najeriya na sauka kullum. Tambayar wane ne ɗan gari, wadda ta cinye Jos, tana tafe a wannan hanya. Gara a amsa ta tun ana zaune lafiya, domin rigakafi ya fi magani.

Sai dai kada a ɗora wa masu rawani da masu farar riga abin da ba nasu ba. Bishop ba ya kama mai laifi, limami ba ya gurfanar da kowa a kotu. Kowane babban rikici a jihohin nan biyu an kafa masa kwamiti: na Mai Shari'a Fiberesima kan 1994, na Niki Tobi kan 2001, na Bola Ajibola kan 2008, na Joseph Gbadeyan kan Alakyo. An saurari shaidu, an rubuta rahotanni, amma waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da rayukan da suka salwanta. Gwamnatoci sun mayar da shugabannin addini tamkar 'yan kwana-kwana: wuta ta tashi a kira su gidan gwamnati, a ɗauki hoto, a roƙi jama'a su yi haƙuri, a watse. Haƙurin da ba a bi shi da hukunci ba ajiyar fushi ne. Kuma duk lokacin da malami ko fada ya roƙi mutanensa su ajiye makami bisa alkawarin gwamnati, aka kuma saɓa alkawarin, mutuncinsa ne ke raguwa, har ranar da zai yi magana ba mai saurare.

Saboda haka muna kira ga Gwamna Abdullahi Sule da Gwamna Caleb Mutfwang da su fito da rahotannin da ke kwance a ofisoshinsu, su bayyana wa jama'a shawarwarin da aka aiwatar da waɗanda aka bari, da dalili. Majalisun dokokin jihohin biyu su tsara ƙa'ida bayyananniya ta bayar da takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda ba ta dogara da son ran shugaban ƙaramar hukuma ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali, amma tsarin mulkin ya ambaci ɗan asalin jiha a wajen naɗa ministoci ba tare da warware yadda hakan zai zauna da haƙƙin mazauni ba. Wannan giɓi aikin Majalisar Tarayya ne, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar Nasarawa da Filato su ya fi kamata su ja gaba.

Muna kira ga Mai Martaba Sarkin Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya zauna a Kotun Ƙoli ya san darajar hukunci, da Mai Martaba Sarkin Keffi, Dokta Shehu Chindo Yamusa na Uku, da Bishop David Ajang da ya gaji kujerar Lafiya a 2021, da shugabannin Jama'atu Nasril Islam da na ƙungiyar Kiristoci ta CAN a jihar, da su mayar da ganawarsu ta zama al'ada mai lokaci sananne, har a matakin gunduma, tun babu gawa a ƙasa. Majalisar tuntuɓar addinai ta ƙasa da aka kafa a 1999 ta nuna cewa zaman manya a Abuja ba ya isa ƙauye da kansa. Su amince a kan abu ɗaya mai sauƙin faɗa, mai wuyar cikawa: duk ran da aka kashe a jihar, sanarwa ɗaya za ta fito da sa hannun kowa, ta'aziyya kuma tare za a je. Akwai abin lura a nan, domin Ajang daga limaman Jos aka ɗauko shi zuwa Lafiya, kamar yadda aka ɗauki Audu daga Lafiya zuwa Jos. Kowannensu ya san gidan ɗan uwansa, kuma babu uzurin rashin sani.

Lokaci kuma ba ya jira. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, Gwamna Sule na kammala wa'adinsa na biyu, kuma kujerar da babu mai kare ta ita ta fi jawo zafin nema. Za a zo wa malamai da fastoci da buhunan shinkafa da alkawarin kujerun Makka da na Urushalima. Za a nemi mumbari ya zama dandalin kamfe. Kowa na da 'yancin neman mulki, kuma Kiristan Nasarawa na da haƙƙin burin zama gwamna kamar yadda Musulmin Filato ke da shi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a gaya wa mai zaɓe cewa maƙwabcinsa abokin gaba ne. Masu neman kujera za su tafi bayan shekara huɗu ko takwas, wasu ma Abuja za su koma da iyalansu. Bishop da sarki da limami su za a bari da jama'a, su za su binne waɗanda aka kashe.

Shekara 25 a kan irin wannan kujera, a irin wannan yanki, ba ƙaramin abu ba ne, kuma Akbishop Audu ya cancanci gaisuwa daga Musulmi da Kirista baki ɗaya. Ya karɓi dayosis da ba shi da komai sai suna, ya bar shi da ƙafafunsa har wani ya gada. Muna yi masa fatan lafiya da tsawon rai. Amma shekaru takwas da suka rage masa kafin ajiye aiki su za su fi nauyi a ma'aunin tarihi, domin yanzu ne yake zaune a inda faɗin gaskiya zai fi yi masa tsada. Idan ya auna wa Bahaushen Jos da mudun da ya so a auna wa Batibin Awe, ya sauke nasa. Sauran kuma ya rage ga Keffi da Lafiya su nuna cewa mudun nan suna da irinsa.